Idon da Ake Gwada Na'ura da Shi

Ni da yayata duk da zare muke neman abinci. Ni tela ce, shagona yana kan titin da ya bi ta bayan asibiti. Ita kuwa a cikin asibitin ta ƙarar da ƙuruciyarta, a sashen ido, tana shimfiɗa wa mutane zare a cikin idanunsu. Duk wanda na gaya wa haka sai ya zaci zolaya nake yi, alhali ko ma'aikatan wurin ba su san ta da wani suna ba sai Mai Zare.

Yanzu tana gida, a kujerar da ke kusa da taga, hannunta na dama yana ta motsi a kan cinyarta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Fuskarta ba ta cika motsawa ba, muryarta ta yi ƙasa. Kullum ina ganinta, amma kewarta nake yi, kewa mai tsanani. Shi ya sa nake so in ba da labarinta tun ina tuna yadda take ƙyalƙyala dariya har ta dafe bango.

Bari in fara da aikin, kamar yadda ta sha bayyana min ina taka keke ina jinta da kunne ɗaya. A can bayan ido akwai wani tantani da ke karɓar haske. Duk sanda haske ya faɗa masa sai ya fitar da 'yar wutar lantarki, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda mai idon ma ba ya jinta. Wannan wutar Yaya ke kamawa. Za ta ɗiga maka magani ƙwayar idonka ta buɗe, ta ɗauko wani zare mai ruwan azurfa da bai fi gashin jariri kauri ba, ta kwantar da shi a bakin fatar idonka ta ƙasa, ta manne shi gefe da gefe. Sai ta kashe fitila, ku zauna a duhu har ido ya manta da haske. Daga nan ka ɗora haɓarka a bakin wani farin kwano babba da ke walƙiya daga ciki. Kowace walƙiya sai wani layi ya zana kansa a fuskar kwamfuta: ya faɗa kwari, ya hau tudu, a jikin tudun kuma ga wasu 'yan haƙora. Lafiyayyen ido tudunsa dogo ne, haƙoransa a fili.

Ni dai ban taɓa yarda ta yi min ba. Tun muna yara ba na ƙaunar abin da zai kusanci idona. In ƙwaro ya faɗa min, sai Mama ta danne ƙafafuna, Baba ya riƙe kai, sannan Yaya ta zo da bakin tsumma mai tsabta ta lakato shi kafin in gama ihu. Ita ta laƙaba min Ƙifta, saboda ko iska aka hura min sai na ƙifta ido kamar zan tashi sama, kuma har yau da furfurata ba ta canza min suna ba. Tazararmu kaɗan ce, goye da goye muke, kuma duk idon Baba muka ɗauko. Amma hannu nata daban ne. Ita ke zura wa Mama zare a allura, ita ke cire wa yaran layinmu ƙaya. Ni da na zama tela sai da na soke yatsuna har suka yi kanta, ita kuwa da hannun aka haife ta, abin har haushi yake ba ni.

Ta fara ne da ƙaramin aiki a ɗakin kwantar da masu ciwon ido, tana wanke miki tana ɗiga magani. Wata rana wani tsohon likita ya tsaya yana kallonta tana ɗiga wa wata jaririya magani, yarinyar na ta fisge-fisge, amma ko ɗigo ɗaya bai zube a kumatu ba. Ya ce ta biyo shi. Ya kai ta wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, marar taga, an toshe ƙasan ƙofarsa da baƙin ƙyalle. Shi ya koya mata aikin, aka tura ta kwas ta dawo, ɗakin ya zama nata. Kujera biyu, farin kwano, kwamfuta, wata 'yar jar fitila da ba ta ɓata wa ido duhunsa, sai madubi ɗan ƙarami a jikin bango.

A wasu wuraren, in ji ta, akan bar mutum shi kaɗai a duhun, ma'aikaci ya fita shan iska ya dawo. Yaya ba ta taɓa yin haka ba. Zama take yi da kai. Ta ce mutum in ba a ganin fuskarsa bakinsa yakan buɗe, kuma wanda ya zo yana tsoron makancewa bai kamata a fara jefa shi a duhu shi kaɗai ba. Ta ji sirrin mutane da yawa a ɗakin nan, ba ta taɓa kawo min ko ɗaya ba, duk da na yi nacin duniya. Na ban dariya kawai take kawowa, su ma ba suna. Akwai wani saurayi da muryarta ta ruɗe shi har ya fara tambayar gidansu, da aka kunna fitila ya ga sa'ar uwarsa, sai ya durƙusa ya ce, "Mama, ina wuni."

Mijinta ma a ɗakin ta samo shi, tun tana ɗanya. Direban bas ne, aka turo shi a duba ko yana gani sosai in gari ya rufa. Aka gwada, aka ce idonsa garau. Bayan sati ya dawo wai har yanzu bai gamsu ba. Da ya dawo karo na uku tsohon likita ya ce masa, "Malam, ciwonka ba na sashenmu ba ne, ka je ka ga iyayenta." Har gobe in ina so in tsokane shi nakan ce, "Direba, yaya idon?" Shi kuma ya ce, "Ƙanwata, tunda na ga yayarki ban ƙara ganin komai ba."

To, na'ura ma takan yi ƙarya. Waya ta saki, fitilar kwano ta rage ƙarfi, sai ta nuna lafiyayyen ido a matsayin marar lafiya. Don haka tsohon likita ya kafa ƙa'ida: duk farkon wata, kafin a taɓa kowa, a gwada na'urar da idon da aka tabbatar lafiyarsa ƙalau. Idon Yaya ya zaɓa, don ita ce kullum a wurin. Ita ke sa wa kanta zaren a gaban ɗan madubin nan, ta zauna a duhu ita kaɗai, ta danna walƙiya. In tudunta ya fito yadda ya saba, na'ura lafiya, a ci gaba da aiki. Tsohon likita ya yi ritaya, ya rasu, likitoci suka zo suka tafi, har na'urar aka sauya, ƙa'idar tana nan. Idon Yaya ya zama ma'aunin sashen gaba ɗaya, kuma tana alfahari da haka fiye da yadda take alfahari da 'ya'yanta.

Ranar gwajin nan ita ce ranata. Maganin da ke buɗe ƙwayar ido yakan sa mutum ya kasa ganin abin da ke kusa da shi, rana kuma ta dame shi, sai can yamma yake sakewa. Saboda haka takan bar wa mataimakiyarta ɗakin, ta sa wani baƙin gilashi mai faɗi, ta lallaɓo shagona tana laluben bango da gangan don in yi dariya. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta cire gilashin, idanu wuri-wuri kamar na kyanwa.

"Ƙifta, kawo allura in zura miki."

"Ki fara gano inda hancinki yake tukuna."

Sai mu sayi shayi, ta yi ta sukar ɗinkina alhali ba ta ganinsa, ta kori masu zuwa karɓar kaya da surutu, mu yi gulmar dangi tun daga kan kawu har jikokinsa. Ba abin da na fi so a wata kamar wannan yinin, amma ban taɓa gaya mata ba, don kar kanta ya ƙara girma.

Ban san ainihin lokacin da abin ya fara ba. Na dai tuna ta fara zuwa shagon da ƙorafi. Wai tudu ya ɗan rage tsawo, haƙoran sun fara dusashewa. "Na'urar nan ta fara tsufa," in ji ta. Aka kira Injiniya, wani bawan Allah mai haƙuri da ke gyara kayan asibitin. Ya sauya wayoyi. Wata ya zagayo, tudu bai koma ba. Ya auna hasken kwano, ya ce daidai yake, Yaya ta ce abin awon nasa ne ke da matsala. Ya sauya fitilar duk da haka. Suka ɗora laifin a kan sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, aka kashe ta, mutane suka yi ta gumi a duhu. Suka ɗora a kan wayoyin hannu, Yaya ta hana kowa shiga da waya, har shugaban sashe sai ya ajiye tasa a bakin ƙofa. Injiniya ya rame a kan na'urar nan. In ya hango Yaya a baranda sai ya sauya hanya.

Raguwar kaɗan-kaɗan ce, ba ta kai a tsayar da aiki ba, shi ya sa aka ɗauki shekaru ana wannan jeka-ka-dawo. Kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa cewa a tuhumi idon. Ta yaya? Tana karanta layin ƙarshe na allon haruffa, likitocin ido sun leƙa ciki ba su ga komai ba, kuma tun kafin su shiga makaranta da idon nan ake gane gaskiyar na'ura. A wurinsu in Yaya da na'ura suka saɓa, na'ura ce ta yi ƙarya. Ni kaina na san tef ɗin awo yakan miƙe in ya daɗe a wuya, amma ko sau ɗaya hakan bai zo min a rai ba.

Akwai wasu 'yan abubuwa da muka mayar abin dariya. Na ce ta miƙo min zare shuɗi, ta miƙo kore, ta kuma tsaya tana musu. Girki ya ƙone a gabanta, maƙwabta suka ji ƙauri, ita ba ta ji ba. Direba ya ce takalminta na dama ya fi na hagu saurin cinyewa, zai fara saya mata ɗaya-ɗaya. Muka ce tsufa ne, muka yi ta tsokanarta.

Sai ga Likita Ƙarama. Haka Yaya ke kiranta, don ta san ta tun tana ɗaliba tana tsoron duhun ɗakin. Ta je ƙarin karatu ta dawo da wani bincike. Ta riƙa kawo masu ciwon karkarwa daga sashen jijiyoyi, ciwon nan da likitoci ke kira Parkinson, ana gwada idanunsu duk da ba ciwon ido ya kawo su ba. Yaya ce ke sa musu zare, ita ke zama da su a duhu tana jin zobensu na ƙwanƙwasa hannun kujera. A lokacin ne ta daina yi min ƙorafin na'ura. Farkon wata ya zo, na dafa shayi, ba ta zo ba. Na kira, ta ce aiki ya yi yawa.

Wata rana da rana tsaka, ina yanka rigar makaranta, sai ga Likita Ƙarama a bakin shagona da farar rigarta a hannu. Na zaci ɗinki ta kawo.

"Anti, wurinki na zo. Maganar Mama ce, yayarki."

Na share mata buhun ƙyallaye ta zauna.

Ta yi min bayani a hankali, ba ta yi min Turanci ba, na ji daɗin haka. Ta ce akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen sarrafa motsin jiki, shi ke ƙaranci a ciwon karkarwa. Tantanin bayan ido ma yana amfani da shi. Don haka masu bincike ke zaton ido zai iya nuna alama tun hannu bai fara rawa ba. Ta ce da ta jera layukan marasa lafiyarta, ta ɗauko na Yaya don ta kwatanta su da lafiyayye, sai ta ga na Yaya na 'yan shekarun nan ya fi kama da nasu.

"Kina nufin tana da shi?"

"Ban ce ba, Anti. Bincike ne, ba a gama tabbatar da shi ba, gwajin ido shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Shekaru ma suna rage tudun, ciwon suga ma haka. Amma ga maganar ƙanshi, ga yadda take tafiya hannun dama ba ya lilo. So nake likitan jijiyoyi ya duba ta. In akwai, gara a sani da wuri. Na yi mata magana, ta ce in fita mata daga ɗaki."

Da yamma na rufe shago na tafi gidan. Na tarar da ita a tsakar gida tana ninke wanki, Direba na gefe ya yi tsuru-tsuru, alamar shi ma ya sha nasa.

"'Yar nan ta je ta kai ƙarata ko?" in ji ta, ko gaisuwata ba ta amsa ba. "Yarinyar da na koya wa riƙe zare."

"Yaya, me zai rage ki in kin je an duba?"

"Na'ura ce. Na fi kowa saninta."

"An ce an gwada wasu, tudunsu ya fito."

"Su wa? Ita da Doguwa?" Doguwa ita ce mataimakiyarta. "Yara ne, idon yaro ko da lalatacciyar na'ura sai ya yi tudu. Kuma Doguwa sama-sama take sa zare, in an sa shi sama tudu yakan ƙaru. Sauran masu zuwa kuwa marasa lafiya ne, da wa zan gwada? A kawo min ido sa'an nawa, lafiyayye, in sa zaren da hannuna. In ya yi tudu, na yarda, zan je. In ya yi ƙasa kamar nawa, kowa ya rufe min baki."

Direba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ta ce, "Kai da sugarka, zauna." Ba ta kalle ni ba. Ta san ni, ta san ko kwalli ba na sawa. Ta ci gaba da ninke zanin da ta riga ta ninke, ina kallon yadda take yi a hankali, ita da a da kafin ka ce me ta gama kwando.

Na ce, "Ga nawa."

Ta ɗago. "Ke? Ƙifta?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, ido iri ɗaya. Ko kina da wata ƙanwar da ban sani ba?"

Ranar da muka yi gwajin, sai da marar lafiya na ƙarshe ya fita. Likita Ƙarama ta ce ko wannan ba hujja ba ce ta ƙarshe, amma in shi zai kai Yaya sashen jijiyoyi, a yi. Ta tsaya a waje ita da Doguwa. Shekara da shekaru ina jin labarin ɗakin, ban taɓa shiga ba. Ashe ɗan mitsitsi ne, bai kai shagona ba. Na ga madubin, gefensa ya yi tsatsa.

Maganin ya yi zafi, na zage ta, ta rama. Sannan ta wanke hannu ta ɗauko zaren. Na damƙe kujera.

"Kalli sama. Kalli inda silin ya yi tabo. Wa ya ɗinka miki wannan rigar, wuyan a karkace?"

"Wuyanki ne a karkace."

"An gama."

Ban ji komai ba. Wallahi ban ji ba, sai ɗumin yatsanta a kumatuna, irin na ranar da take cire min ƙwaro. Ta yi ɗaya idon, ta manna wani abu a goshina, ta kashe fitila.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ko hannunka ka kai hanci ba ka gani. Na ji ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Can sai ta yi magana, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Kin san turaren da Direba ya kawo min kwanaki? Na ce masa ya yi daɗi. Ban ji komai ba, Ƙifta. Kamar ruwa."

Na laluba na kamo hannunta.

"Ba ciwon nake tsoro ba," in ji ta. "Na zauna da su a nan, mutane ne kamar kowa, suna raha. Abin da nake tsoro, ranar da zan miƙa hannu wajen idon yaro uwarsa ta janye shi."

A raina addu'a nake yi, kuma tunda nake ban taɓa irinta ba. Ni tela, da ido nake ci, amma roƙon Allah nake ya sa idona ya gaza. Ya sa tuduna ya fito gajere, ya zama na'ura ce, ko tsufa, ko gadon gidanmu, ko ma mene ne, in dai ba wannan ba.

Ta kunna 'yar jar fitilar, ta kai haɓata bakin kwano. Walƙiya ta farko na runtse ido rabi, na karkatar da kallona gefe, ina ganin wayo na yi.

"Buɗe idonki."

"A buɗe yake."

"Ƙifta, ina ganin layin. Kada ki yi min ha'inci a ɗakina. Ban taɓa ba wa kowa sakamakon ƙarya ba, ba zan fara da kaina ba. Buɗe."

Na buɗe. Ta yi ta danna walƙiya, hawaye na zubo min, ban sani ba ko na haske ne ko na kuka. Da ta gama sai na ji ta ja numfashi.

"Kai! Kin ga ido? Kin ga tudu? Dubi haƙora, kamar a ƙirga! Ashe duk shekarun nan kina yawo da wannan kina hana ni gani, 'yar rainin hankali."

Murna take yi, ta gaske, irin ta mai sana'a in ta ga abu mai kyau. Ni ban ga komai a fuskar kwamfutar ba sai dishi-dishi. Sai murnar ta lafa. Ta cire min zaren, ta goge min kumatu da auduga. Na ji ta dafa farin kwanon tana shafa shi.

"Ki yafe min," ta ce da na'urar. "Na yi ta zaginki a banza." Ta buɗe ƙofa ta ce, "Likita, ki karɓar min rana a sashen jijiyoyi. Doguwa, in kin ga Injiniya ki ce ina nemansa, ba faɗa zan yi ba."

Da muka fito rana ta soke min ido kamar allura. Ta ciro baƙin gilashinta ta sa min, ta riƙe hannuna, ta tsallakar da ni titi har shago, tana gaya min inda rami yake. Na zauna a kan buhun ƙyallaye, ta zauna a kujerar kekena. Da zan miƙa mata gilashin ta ture hannuna.

"Riƙe shi. Farkon wata za ki buƙace shi."

Likitan jijiyoyi bai yanke hukunci nan take ba, sai da ya yi ta bibiyarta kafin ya kira ciwon da sunansa. Sanin da wuri bai hana shi zuwa ba, amma ya ba ta lokaci. Ta yi ta motsa jiki, Direba na binta a baya da gorar ruwa, aka fara magani da lokacinsa ya yi, ta ƙara wasu shekaru a ɗakinta. A cikinsu ta zaunar da Doguwa ta koya mata komai, har da zaman duhu. Ba uwar da ta taɓa janye ɗanta. Ranar da Yaya ta ga bakin zaren ya yi rawa tsakanin yatsunta, tun kafin ta kai shi ga idon kowa, ta miƙa wa Doguwa ta ce, "Ci gaba," ta ɗauki jakarta.

Yanzu an gyara ƙa'idar, ba ido ɗaya ake dogara da shi ba, mu da yawa ne. Amma ni ba na fashi. Duk farkon wata nakan rufe shago in je in miƙa idona, ni Ƙifta. Doguwa tana da kirki, tana zama da ni a duhu, sai dai ba ta iya zagi ba. In an gama in sa baƙin gilashin in hau mota zuwa gidan Yaya. Direba ya buɗe min ƙofa ya ce, "Ƙanwata, yaya idon?" don yanzu shi ke da bakin tsokana.

Nakan durƙusa a gaban kujerarta. Ta ɗaga hannun hagu a hankali ta taɓa inda aka manna zaren.

"Tudu?"

"Yana nan, Yaya."

"Har yanzu sama-sama take sa shi," in ji ta.

Sai in ja kujera in matso kusa sosai, don maganin bai sake ni ba, abin da ke kusa ba na ganinsa da kyau. Ba na ganin hannun da ke kan cinyarta, ba na ganin fuskar da ta daina motsi. Muryarta kawai nake ji, tana cewa ɗinkina ya lalace tunda ta daina sa min ido. Nakan zauna nan har yamma, kuma duk wata sai na ji haushi in idona ya fara washewa.